Agogo Uku a Ƙarƙashin Ɗakin Gawayi

Ranar da abin ya fara, babu abin da ya raba ta da sauran ranaku sai gudumar da Dogo ya ɗaga.

Mai Gawayi kowa ke kiran matar gidan, har 'ya'yanta in sun so tsokana. Mace ce da ba a taya wa kaya sau biyu. In ta faɗi farashi, ko za ka tsaya har rana ta faɗi, ba za ta motsa ba. Mijinta magini ne, shekara guda ke nan da rasuwarsa. 'Ya'yan da suka rage a gabanta biyu ne: Dogo, babbansu, direban motar haya, da Auta mai ɗinki, wadda ba ta daɗe da cika ashirin ba. Rabin gidajen layin nan Magini ne ya gina su, kuma ba ranar da matarsa ba ta tuna wa mutane haka. Ta kan ce a nuna mata katangarsa ɗaya da ta taɓa tsagewa. Ba wanda ya taɓa nunawa.

Amma a ƙarshen tsakar gidanta akwai ɗakin da take tara gawayi, kuma daɓen wannan ɗaki ya lotsa a tsakiya. Duk damina ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ya kwanta a wurin, ya jiƙa buhunan ƙasa. Shekara talatin da uku tana share ruwan nan da tsintsiya. Ta sha ce wa mijin ya gyara, yana cewa a bar shi. Da Dogo ya tasa ya ce shi zai gyara, uban ya yi masa tsawar da bai taɓa yi masa irinta ba.

To yanzu uban ba ya nan. Bayan la'asar Dogo ya fitar da buhunan, ya ɗauko guduma. Duka na farko, simintin ya amsa kamar ganga. Na biyu, haka. A na uku ya tsage, wata iska mai sanyi ta huro ta tsagar, da warin tsohon ruwa.

"Umma, ai ƙasan nan rami ne."

"Tsohuwar rijiya ce. Babanka ya rufe ta kana jariri. Ajiye gudumar nan."

"To ai gara a cike ta da kyau, kada wata rana ki rufta da buhunanki."

"Na ce ka ajiye."

Ya ajiye. Ta ja buhu biyu da hannunta ta ɗora a kan tsagar.

Rana ta yi ja, ta sauka bayan katanga. Kaji suka hau wurin kwana. Auta ta rufe kekenta tana alwala a bakin magudana. A daidai lokacin nan da haske ya ƙare amma duhu bai gama zuwa ba, dutse ya faɗo a tsakar gida.

Bai zo daga waje ba. Daga sama ya sauko a miƙe, a hankali, ya dira kusa da butar Auta. Dogo ya ɗauka. Dutsen a jiƙe yake sharkaf, da gansakuka a jikinsa, alhali an yi kwana tara ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Kafin ya buɗe baki na biyu ya faɗo, sai na uku. Sannan shiru. A cikin shirun ne suka ji ɗaya abin. Daga ɗakin gawayi yake fitowa, ƙasa-ƙasa, ba ya sauri, ba ya tsayawa: ƙas, ƙas, ƙas.

"Yaya," in ji Auta, muryarta ta ƙanƙance, "wa ya bar agogo a ɗakin can?"

Da aka kira isha'i abin ya ɗauke.

Washegari haka, jibi haka. Magariba na yi duwatsu su sauko, agogo ya kama bugawa. Maƙwabta suka fara leƙe. Masu sayen gawayi suka koma tsayawa daga bakin ƙofa suna miƙo hannu. Mai Gawayi ta ce 'yan hassada ne ke jifa, ta fita layi ta zage su tas, ba ta kama sunan kowa ba. Ta dawo ta tattara duwatsun ta zuba a bayan gida, kamar shara ce kawai.

A magariba ta huɗu ba a yi jifa ba. Auta na zaune tana sa zare a allura, sai allurar ta faɗi. Ta miƙe kamar an ja ta da igiya, ta nufi ɗakin gawayi. Buhun da sai ƙato biyu ke ɗagawa, ta ture shi da hannu ɗaya, ta zauna a kan tsagar, ta harɗe ƙafafu. Da uwar ta haska ta da fitila, idanun a buɗe suke, amma ba Auta ce a cikinsu ba.

"Ƙarfe nawa?" Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, mai kauri, kamar daga ƙasan randa take fita.

"Auta, tashi mu je."

"Ƙarfe nawa, matar Magini? Ba ki ga an makara ba? Wanzami bai yi ba."

Mai Gawayi ta ja da baya da fitilar. Dogo ya gani, kuma tunda aka haife shi bai taɓa ganin uwarsa ta ja da baya ba.

Duk wanda ya girma a unguwar ya san maganar Wanzami. Shekara talatin da uku da suka wuce, akwai wani mai gyaran agogo da gidansa ke manne da na Magini. Mutum ne mai tsini a baki, ba ya ganin karkace ya yi shiru. Wata rana da safe suka yi cacar baki da Wanzami a gaban jama'a, har Wanzami ya ce masa ya kiyayi ranar da zai shigo hannunsa. Da yamma Mai Agogo ya rufe teburinsa ya nufi gida, ba a sake ganinsa ba. 'Yan sanda suka zazzage zabirar Wanzami, suka sami tsumma duk jini. Ya yi ta rantsuwa cewa tsumman wanzami ba ya rabuwa da jini, da shi yake goge aska in ya yi wa mutum ƙwarzane. Ba a saurare shi ba. Ya yi shekara goma sha tara a gidan yari. Matar Mai Agogo ta mutu tana jiran a nuna mata kabari. Da Wanzami ya fito, ya koma gindin bishiyar da yake zama a dā, ya shimfiɗa tabarma, ya jera asake. Shekara goma sha huɗu ke nan yana jera su kullum da safe, yana kwashewa da yamma. Ba wanda ya ƙara zama a gabansa. Wa zai miƙa wa mai kisan kai wuya?

Kwana biyu Auta ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta tashi daga kan tsagar ba. Leɓenta ya bushe ya farfashe. In an kama ta a ɗaga, sai ka ce an dasa ta. Dogo ya ce zai kira Malam. Uwar ta ce ba mai shigo mata gida ya ji sirrinta.

"Wane sirri, Umma?"

Ta dube shi, ta dubi ƙofar ɗakin gawayi.

"Je ka kira shi."

Malam tsoho ne siriri mai yawan tari, ba ya son hayaniya. Ya zo bayan la'asar da butarsa. Ya ce a rufe ƙofar gida, kada kowa ya shigo. Ya zauna a bakin ɗakin, ya sa uwar a damansa, ɗan a hagunsa, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta tsallake tsakar gida, ta hau jikin ɗakin. Tsuntsaye suka yi tsit. Can sai jikin Auta ya fara rawa, ta toshe kunnuwa, ta yi ƙara mai tsawo.

"Ya isa! Kana ƙona ni, kuma ba ni ne mai laifi ba."

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai rijiyar nan. Tun kafin a aza harsashin gidan nan nake ciki da iyalina. Ban taɓa tsorata ko kaza ba."

"To me ya kai ka jikin yarinyar mutane?"

"An jefo min gawa a ɗaki, aka rufe ni da ita. Shekara talatin da uku ni da ita, ba ƙofa, ba iska. Iyalina sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Sai da wancan dogon ya fasa na ga haske."

"Gawar wa?"

"Maƙwabci. Ya shigo da yamma da zare a hannu, ya ce katangar da Magini ya tayar ta ci masa taki ɗaya, kuma ma a karkace take. Ya ɗaure zaren yana dariya, ya ce gobe zai kira mutane su gani. Guduma ɗaya Magini ya sauke masa. Ɗaya tak. Ina kallo daga ƙasa."

Dogo ya yunƙura zai tashi. Malam ya dafa gwiwarsa.

"Zauna. Irinsu ƙarya ba ta yi musu wuya." Ya juya ga Auta. "Kana ɗora wa mamaci jini. Ina shaidarka?"

"Ku tona. A hannunsa na hagu akwai agogo uku. Na mutane ne, ya gyara ya ɗaura yana gwada tafiyarsu, haka yake yi kullum. Biyu sun tsaya a daren. Na ukun ni nake murɗa shi kullum yana tafiya, don kada in manta lissafin kwanaki." Kan Auta ya juya a hankali. "Amma me ya sa kake tambayata? Tambayi mai share ruwa."

Mai Gawayi ta zuba wa daɓen ido.

"Ina wurin mahaifiyata," ta ce, kamar da ƙasa take magana. "Na je haihuwar Dogo. Na dawo na tarar an rufe rijiya, an yi ɗaki a kai. Ya ce ruwan ne ya lalace. Ban ga komai ba."

"Ba ki gani ba," in ji Malam.

"Ban gani ba." Ta ɗago kai. "Amma mutumin nan ko murhu zai gina min sai ya ɗora filam, ma'aunin magina, ya duba sau uku. Bai taɓa zuba daɓe shi kaɗai ba, sai da lebura. Wannan shi kaɗai ya zuba, cikin gaggawa, bai jira ƙasa ta zauna ba. Ranar farko da na ga ruwa ya kwanta a wurin, gabana ya faɗi. Ban tambaya ba. Sai na ɗauki tsintsiya."

Dogo ya kifa kai a gwiwa.

"Me kake so ka fita?" in ji Malam.

"Ba na son komai. Sun cinye min iyali, na riƙe wannan. Mun yi daidai."

A nan ne Mai Gawayi ta gyara zama. Ta ja ɗankwalinta ta ɗaure tamau, yadda take yi in mai kawo gawayi daga daji ya zo da tsada.

"Malam, ba ni wuri. Kai, mai rijiya. Wanda ba ya son komai ba ya kwana uku yana jifa. Faɗi abin da ya kawo ka."

Bakin Auta ya buɗe da wata dariya mara daɗi.

"Haka aka ce kike."

"Haka nake. Rago nawa?"

"Kul!" in ji Malam. "Ba a zubar wa wanin Allah jini a gabana. Ki sake wannan magana in ɗauki butata."

"Na janye. To ji nan. Mu tono shi mu uku, mu yi masa sutura, Malam ya sallace shi, mu binne shi kamar kowa. A wanke maka rijiyarka, a bar ta a buɗe. Ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

"Ƙasusuwa sun huta. Mai rai fa? Kullum da yamma ta bayan katangar nan yake wucewa, asake na kaɗawa a zabira. Ina jin abin da yake faɗa wa Ubangijinsa. Ni shaida ne, an rufe min baki da siminti. Sai an faɗa."

"Sai a ce an sami gawa a tsohuwar rijiya. Ba a san wanda ya jefa ba. Wanzami ya wanku, shi ke nan."

"Za su ce shi ya jefa."

Ta san haka ne. Ta ciji leɓe.

"Mijin nawa ya mutu. Yana gaban wanda ya fi mu sani. Sunan nan kaɗai ya bar wa 'ya'yansa."

"Sunan nake so. In ba haka ba, gobe da hantsi in fita da yarinyar nan, in tsaya da ita a tsakiyar layi, in faɗa da bakinta. In na gama, ba na tsammanin za a sami abin mayarwa gida. Dubi leɓenta."

Ta duba. Jini ya bushe a gefen bakin, wuyan ya zama kamar tsinke. 'Yar da ta goya, ta yaye, ta saya wa keken ɗinki. Ladan ya fara gyaran murya a masallacin layi. Agogon na ta bugawa a ƙarƙashinsu.

"Na ji," ta ce. "Amma ga nawa sharaɗin. Ba da bakin 'yata ba. Da nawa, a tsaye, da rana. Kuma yanzu za ka fita, ba gobe ba."

"In kin faɗa, in fita."

"A'a. Yanzu."

"To in riƙe muryarta jingina."

"Ko gashin girarta ba za ka riƙe ba. Ka ce kana ji daga ƙasa. Shekara talatin ina ciniki a kanka. Ka taɓa jin na ce wa mutum gobe, goben ta zo ban cika ba? Ka taɓa jin na sa dutse a ƙasan buhu?"



"Ban taɓa ji ba," in ji muryar, kamar ba ta so.

"To saki min 'ya."

Malam ya sa shi ya yi rantsuwa ba zai dawo ba, ya ce ta ɗan yatsan ƙafa zai fita, ba ta ido ko kunne ba. Ya ci gaba da karatu. Ƙafar Auta ta hagu ta miƙe, ta karkaɗa, ta saki. Ta yi atishawa sau uku, ta zube a jikin uwarta.

"Umma, ƙishirwa."

Agogon bai tsaya ba. Har gari ya waye yana bugawa, kowa a gidan yana ji.

Da safe Dogo ya same ta tana ɗaura zanenta na fita.

"Umma, Auta ta warke. In mun sayar da gidan muka tashi..."

"Da aljani ma ban yi ƙarya ba, sai da kai zan fara? Je ka kira mai unguwa. A zo da 'yan sanda, a zo da masu haƙa."

Kafin hantsi tsakar gidan ta cika. Aka fasa daɓen, aka zura mutum da igiya. Ya daɗe a ƙasa. Abin da ya fara miƙowa ƙashin hannu ne, da agogo uku a jere, sun yi tsatsa sun manne da juna. Wani dattijo ya matso ya duba na tsakiya, ya ce innalillahi, na mahaifinsa ne. Tun daga lokacin ba a ƙara jin bugun ba.

Mai Gawayi ba ta jira a tambaye ta ba. Ta ratsa mutane ta fita, suka biyo ta, har gindin bishiyar da Wanzami ke zaune da asakensa a jere. Ya tsufa ƙwarai, ido ɗaya ya yi fari. Ta tsaya a gabansa, ba ta durƙusa ba, ba ta sassauta murya ba.

"Wanzami, ku ma jama'a ku ji. Mijina Magini shi ya kashe Mai Agogo, ya jefa shi a rijiyar gidana, ya rufe. Ban gani da idona ba, amma zuciyata ta sani, na yi shiru shekara talatin da uku. Wannan bawan Allah bai yi komai ba."

Wanzami ya daɗe yana kallon asakensa.

"Kina wucewa ta nan kullum," ya ce. "Har gaishe ni kike yi."

"Ina yi."

"Shekarun gidan yari na bar wa Allah. Amma ni wanzami ne, ɗan wanzami. Kin san abin da ake ji, ka wasa aska kullum da safe, ka mayar da ita da yamma ba ta taɓa gashi ba?"

Karo na farko ke nan da aka ga an faɗa mata magana ba ta mayar ba.

Dogo ne ya cire hularsa. Ya tako ya zauna a kan tabarmar, ya harɗe ƙafafu.

"Baba, a yi min aski. Har da gemu."

Uwar ta kai hannu za ta cafke rigarsa, hannun ya tsaya a iska. Ta mayar da shi, ta damƙe bakin zanenta.

Wanzami ya dubi ɗan Magini tun daga sama har ƙasa. Ya zaɓi aska, ya wasa ta a fata, a hankali, gaba da baya, har mutane suka fara kallon juna. Ya jiƙa kan da ruwa. Ya ɗaga askar, ƙarfen ya taɓa fata. Ya gama da kai. Ya sa yatsa biyu a haɓar Dogo ya ɗaga ta sama, maƙogwaron ya fito fili. Askar ta sauka a kai. Mai Gawayi ba ta rufe ido ba. Ta tsaya tana kallon ƙarfen yana bin wuyan ɗanta, daga ƙasa zuwa sama, daga ƙasa zuwa sama.

Ya gama. Ya goge askar a tsumma, ya ninke ta. Sannan ya warware tsumman, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Duba da kyau, matar Magini. Ki gaya musu abin da kika gani."

Ta karɓa, ta juya gaba, ta juya baya, ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

"Babu jini," ta ce.

Dattijon nan mai agogon tsakiya ya cire hularsa, ya zauna a bakin tabarma yana jiran layi.